Fuskar Da Ke Jikin Kwalba

Kwalbar ta wuce ta gefen kunnena, ta daki bango, ta tarwatse a kan kantar da na jera kaya.

"Kalle ni! Na ce ki kalle ni, azzaluma!"

Matar da ta jefo kwalbar ta fizge mayafinta ta yi jifa da shi. Kumatunta biyu sun yi jawur kamar an ɗora musu dutsen guga, ƙarƙashin idanunta ya yi baƙi ƙirin, fatar tana saɓulewa.

"Innalillahi... Baiwar Allah, me ya same ki?"

"Ni kike tambaya? Manki na shafa! Sati shida ina shafawa safe da yamma. An ce mini kin fito da sabo mai saurin aiki!"

Mata uku ne a shagona lokacin. Biyu sun riga sun ɗaga wayoyinsu suna ɗauka.

Na durƙusa na ɗauki ɓarin kwalbar, na kai hanci. Wani wari mai hawa kai ya buge ni. Wannan ba haɗina ba ne. Man kaɗe, man kwakwa, zuma da kakin zuma, su ke nan a tukunyata, kuma da hannuna nake auna kowanne a sikeli.

Sai na juya ɓarin na dubi sitikar da ke jikinsa.

Sunan kayana ne, Fatarki Ta Isa. Tambarin koren ganyen nawa ne. Lambar wayar tawa ce. Fuskar ma tawa ce...

Amma fara ce sol.

Mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa buga fuskata da wannan launin, kuma saura kwana ashirin da shida a ɗaura mana aure.

Na ɗauko mayafin matar na kakkaɓe, na yafa mata.

"Ki zage ni a hanya, na yarda. Amma yanzu taso mu je wajen likitan fata."

*

Ba don neman abin yi na fara haɗa man shafawa ba. Kimiyyar sinadarai na karanta, kuma har takardar ɗaukar aiki na samu a wani babban kamfani, na ninke na ajiye. Saboda Yaya na ajiye ta.

Yayata ta fi ni kyau nesa ba kusa ba. Wata rana mijinta ya ce, cikin wasa wai, da ta ɗan ƙara haske da ta gama haɗuwa. Shekara biyar tana shafa bilicin saboda wannan maganar guda. Da fatar ta mutu, ta yi dabbare-dabbare, shi ne mutum na farko da ya kasa kallonta. Ya sake ta. Ta dawo gida ta rufe fuska, ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da nikabi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda ya yi fushi. Kowa ya ce ƙaddara. Mai shagon da ya sayar mata yana nan yana sayarwa, maƙwabtanmu suna nan suna saya.

Ni na yi fushin, na kowa da kowa.

Na sa wa kaina doka uku. Duk abin da ke cikin kwalba a rubuta shi a jikinta. Kowane haɗi in ajiye kwalba ɗaya ta shaida. Sannan fuskata ce za ta hau sitika, baƙa yadda Allah ya yi ta, don duk yarinyar da ta ɗauki kwalbar ta ga mai kama da ita.

A kan wannan fuskar muka haɗu da wanda zan aura.

Shagon buga takardu gare shi a bayan layin masu ɗinki, ɗaki ɗaya mai warin tawada, da wani tsohon inji mai tari kafin ya tashi. Na ba shi hotona na ce sitika ɗari uku. Da na dawo karɓa, ya miƙo mini yana murmushin wanda ya yi abin kirki.

"Wace ce wannan?" na ce.

"Ke ce mana. Na ɗan gyara miki ne, kyauta."

"Gyara? Lalacewa na yi da ka gyara ni?"

"Haba, ranki ya daɗe, kowa haka yake so. Amare, 'yan kasuwa, har masu rasuwa sai an ce a ɗan haska mamacin..."

"To ni ba kowa ba ce, kuma ban mutu ba!"

Na zari biro a teburinsa, na juya sitika ɗaya na rubuta a bayanta da manyan baƙaƙe: WANNAN BA NI BA CE.

"Ka ƙona su duka. Ka sake bugawa."

Ya sake bugawa, ina tsaye a kansa. Na ƙirga ɗari ukun nan ɗaya bayan ɗaya, har da na gwaji na kwashe ban bar masa ko ƙyalle ba. Da zan fita ya ce, "Shugaba, kin manta ba ki ƙirga kujerun ba."

Daga ranar sunana Shugaba a bakinsa. Ni kuma na ce masa Mai Inji.

Shekara biyu ke nan. Shi ya daina haska hoton kowa sai an roƙe shi, in an roƙa ma sai ya yi wa mutum wa'azi. Ni kuma na koyi dariya a wurin aiki.

*

Daga asibiti kai tsaye shagonsa na nufa. Yana goge inji, hannunsa duk tawada.

"A'a, Shugaba da kanta! Rabin raina, yau da wa aka yi faɗa?"

Na ajiye ɓarin kwalbar a teburinsa.

Ya kalla. Murmushin ya zube. Ya juya da sauri ya jawo durowar ƙasa. Wayam, sai tsohuwar roba da aka ɗaure takardu da ita.

"Ba ka ƙona ba," na ce.

"Shugaba..."

"Ba ka ƙona ba!"

"Na kunna ashana, wallahi na kunna. Na kasa. Fuskarki ce..."

"Ba fuskata ba ce! Na rubuta maka da hannuna!"

Ya zauna a kan kwalin takardu ya dafe kai.

"Wa ya buɗe durowar nan?"

Na matsa kusa da shi.

"Mai Inji, na baro mace a gadon likita fuskarta na ɗiga. Wa ya buɗe?"

"Anti ce kawai ke da makullin shagon nan," ya faɗa, muryarsa can ƙasa.

Anti. Yayarsa, wadda ta raine shi tun yana shekara shida bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana da katon shagon kayan kwalliya mai gilasai a bakin titi. Sau biyu tana jana gefe tana cewa, "Ƙanwata, manki yana da suna amma ba shi da sauri. Ki bari in nuna miki ɗan abin da ake ɗigawa, mu haɗa hannu, cikin shekara ki sayi mota." Sau biyu ina ce mata a'a cikin ladabi.

Ashe ta gaji da tambaya.

*

Kafin magariba bidiyon ya zaga gari. Washegari aka kira taro a falonmu.

Kawu, ƙanin marigayi mahaifinmu, ya zauna a kujerar marigayin. Mama tana gefe tana murza carbi. Yaya ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki da nikabinta. Anti ta shigo da ƙamshinta da awarwaronta, Mai Inji kuma yana biye da ita kamar wanda aka taso daga jinya.

"Auta," in ji Kawu, "abin nan ya faru, kuma na cikin gida ne. Hajiya, yayar yaron nan, ta amsa yaran shagonta sun yi kuskure."

"Kuskure, Kawu?"

"Ki bari in gama. Ta ɗauki nauyin maganin matar. Ke kuma sai ki fito ki ce wani haɗi ne ya ɓaci, kin gyara. Mutane mantuwa gare su. Sati biyu an wuce wurin, a yi biki lafiya."

"Wato in ce ni na ƙona ta."

"A rufa wa juna asiri, shi ne zumunci."

"Sauran kwalaben fa? Suna can a shaguna, wasu suna kan madubin mata yanzu haka. Su wa zai rufa musu asiri idan fuskarsu ta zube?"

Anti ta yi 'yar dariya tana gyara zobe.

"Ƙanwata, ke dai yarinta ke damunki. Ni na tilasta musu? Da ƙafarsu suke zuwa, suna roƙo. Shekarata ashirin a kasuwar nan. Mace haske take so, ko ki ba ta ko ta je gaba. Kowa yana yi."

"Kowa yana yi! Kullum kowa yana yi! Da wannan maganar aka kashe fuskar Yayata, Anti, kuma babu wanda ya rasa barcin rana ɗaya. In kowa yana yi, me ya sa ba ki sa taki fuskar ba? Me ya sa sai tawa?"

"Auta!" Mama ta daka mini tsawa. "Yayar mijinki ce!"

"Bai zama mijina ba tukuna, Mama."



Na juya gare shi. Tun da ya shigo bai ɗaga ido ba.

"Abu ɗaya nake so. Ka fito ka faɗa wa mutane inda sitikar nan ta fito, a karɓo kwalaben kafin su ƙona wata. Ba don sunana kaɗai ba."

Ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa.

"Shugaba, ita ta goya ni. Ita ta yi mini uwa ta yi mini uba. In na faɗa, rufe shagonta za a yi... Ki ba ni lokaci."

"Fatar mutane ba ta da lokaci."

"Don Allah, zuciyata..."

Na jira. Wallahi na jira. Na ƙirga numfashina har goma, ina roƙon Allah ya sa ya ce wani abu.

Bai ce ba.

"Kawu, a ba su haƙuri. Na fasa."

Na shige ɗaki na kulle. Ina jin Mama tana salati, ina jin takun takalmin Anti. Nasa takun ne ya fita a ƙarshe, a hankali, kamar yana jira a kira shi.

Na cusa fuska a filo don kada bakina ya kira shi.

*

Na kai kwalaben shaidata ɗakin gwaji, sakamako ya fito babu komai a ciki sai abin da na rubuta. Na ɗora takardar a shafina, na roƙi duk mai kwalba mai farar fuska ta daina shafawa. Mutum dubu arba'in suka kalli bidiyon matar. Mutum ɗari biyu suka karanta takardata.

Sunan Anti ya zo bakina ya fi sau ɗari. Na kasa furtawa, don duk hanyar da zan bi in kai gare ta sai na taka shi. Na tsani kaina a kan wannan. Ni mai yi wa mutane faɗan shiru, ga ni na yi rabin shiru.

Shago ya koma kamar masallaci bayan an watse. Ina buɗewa da safe, in share, in goge kwalabe, in zauna.

Kewa kuwa ba ta da kunya.

In babur ya tsaya a waje sai na ɗaga kai. In na ji warin tawada a jikin sabuwar jarida sai in tsaya ina shinshinawa. Ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da yakan leƙo da shayi a leda yana cewa, "Shugaba, an ba ma'aikata hutu?" sai in samu kaina na jawo kujera ta biyu.

Bai kira ba. Ko sau ɗaya.

Na goge lambarsa, alhali na haddace ta. Sau uku ina danna ta har ƙarshe in tsaya ina kallo.

Da sitikata ta ƙare na je wani shagon buga takardu a can wata unguwa. Mutumin ya buɗe hotona a kwamfuta, kafin in zauna har ya fara jan haske.

"Mayar da shi yadda yake," na ce.

"Hajiya, kowa haka..."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Bawan Allah ya rikice, yana ta ba ni haƙuri, yana cewa in dai a kan launi ne zai ƙara mini baƙin ma kyauta.

Mama ta daina yi mini maganar, sai dai in na wuce ta yi ajiyar zuciya mai ƙarfi don in ji. Kawu ya ce taurin kaina ne zai tsufar da ni a gida, in rungumi kwalabe su haifa mini 'ya'ya. Kamfanin da na ƙi a da suka sake nemana. Na ɗauko takardar na shimfiɗa a gado ina kallo.

Yaya ta shigo ta same ni.

"Za ki koma ki rufe shagon?"

"Me ya rage, Yaya? Sunan ya mutu. Shi ma..."

"Shi ma me? Faɗi mana. Bakinki ya iya faɗa da Kawu amma bai iya wannan ba?"

"Ban san me kike nufi ba."

"Jiya kin zuba gishiri a shayi kin shanye ba ki sani ba. Ina kallonki."

"Yaya, abin da ya fi ci mini rai ba shirunsa ba ne." Na ture takardar gefe. "Shekara biyu yana ɓoye da farar fuskar nan. Ita yake buɗewa yana kallo. Ashe shi ma irin mijinki ne, bai dai faɗa ba."

Yaya ta kalle ni ta saman nikabi.

"Kin tambaye shi?"

"Ba sai na tambaya ba."

"Allah ya shirye ki, Auta. Kin auna man kaɗe har sau biyu, amma mutum sau ɗaya kika auna shi." Ta ninke takardar kamfanin ta tura ƙarƙashin filo. "Gobe ki buɗe shago. Ni zan fita, ina da asibiti."

A watannin nan Yaya ta tsiri zuwa asibiti duk Talata da Alhamis. Ta fita da safe, ta dawo da yamma ƙafafunta duk ƙura, ta kwanta ba ta ko cin abinci. In na tambaya sai ta ce layi ne ya yi yawa.

*

Wata na uku, ranar wata Laraba, matar da ta jefe ni da kwalba ta shigo shagona. Kumatunta sun fara warkewa, saura tabo. Ta tsaya tana murza gefen mayafi.

"Na zo neman gafara ne. Na gani a bango."

"Me kika gani?"

"Ba ki fita ba ne? Ai duk layin ya cika."

Na fita da gudu ko takalmi ban sa daidai ba.

A jikin bangon masu ɗinki, a jikin turakun lantarki, a ƙofar kowane shagon kwalliya, takarda ce babba. Fuskata biyu gefe da gefe, fara da baƙa. A ƙarƙashin farar an ja jan layi. Na san bugun injin nan, har ɗan ɗigon da yake bari a kusurwar hagu.

"Ni mai shagon buga takardu na bayan layin masu ɗinki, ni na haska wannan hoton ba da izinin mai shi ba. Ta ce in ƙona, ban ƙona ba. Daga durowata aka ɗauka, a gidanmu aka liƙa wa man da ba nata ba. Duk mai kwalba mai farar fuska ta daina shafawa, ta kira wannan lambar, zan zo har ƙofa in karɓa in raka ta wajen likita. Laifina ne da na gidanmu. Ita ba ta taɓa yi muku ƙarya ba."

Na karanta sau huɗu a tsaye a rana, mutane suna ratsa ni.

Wani tela ya leƙo ta taga. "Ai yaron nan ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Wa zai sake kai masa aiki bayan ya ce shi ba ya ƙona abin da aka ce ya ƙona?"

Na koma shago na zauna. Na danna lambar har ƙarshe.

Na kasa kira.

*

Bai zo ranar ba. Bai zo washegari ba. Sai ranar Asabar, ƙarfe huɗu daidai, na ji babur ya tsaya.

Ban ɗaga kai ba. Na gaji da ɗagawa.

"Salamu alaikum... An ba ma'aikata hutu?"

Cokalin awo ya faɗi daga hannuna.

Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, rana ta ƙona shi. Yana rungume da kwali. A bayansa Yaya ce.

Fuskarta a buɗe.

Shekara huɗu rabon da in ga fuskar Yaya a hasken rana. Ga dabbare-dabbaren, ga jijiyoyin da suka fito kore a kumatu, ga kuma idanun nan nata masu kyau suna hararata.

"Rufe bakin, ƙuda zai shiga," ta ce. "Ga asibitin nawa."

"Yaya... ban gane ba."

"Sati guda da taron nan ya zo ya same ni a ƙofar gida yana kuka kamar an yaye shi. Wai masu shaguna sun ƙi ba shi kwalaben, suna cewa ba su san zancen ba. Na ce mu je. In ya yi magana suka musa, sai in ɗaga nikabi in ce, ga abin da kuke sayarwa." Ta ja kujera ta zauna. "Ba wanda ya musa sau biyu."

"Anti fa?"

Shi ya amsa. "Ita muka bari ƙarshe. Na gaya mata zan liƙa takarda ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Ta mare ni, ta ce ba ta da ƙani. Sai Yaya ta buɗe fuska a gaban masu sayayyarta..." Ya dubi Yaya. "Sai Anti ta jefo mini makullin sito. Hukuma ta rufe shagon shekaranjiya. Har yau ba ta ɗaga wayata."

Ya ajiye kwalin a kan kantata ya buɗe.

Sitiku ne, an ɓanɓaro su ɗaya bayan ɗaya daga jikin kwalabe, wasu sun yage, wasu da maiƙo. An ɗaure su hamsin-hamsin.

"Ɗari biyu da tamanin da bakwai. Sha ɗaya ban samu ba, ina nan ina nema, ba zan daina ba. Na san za ki ƙirga, shi ya sa na ɗaure miki."

"Me ya sa ba ka kira ni ba? Wata uku, Mai Inji! Wata uku!"

"Da wane bakin? Ranar da kike buƙatar bakina ai shiru na yi. Na ce ba zan zo miki da magana ba, sai da kwali."

Na jawo durowata na ɗauko ɓarin kwalbar nan na farko, na jefa a ciki. Kaina ya yi lissafin da kansa, ban sa shi ba.

"Da wannan, da sha ɗayan, ɗari biyu da casa'in da tara. Ɗari uku na ba ka aiki. Ina ɗayar?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na gaya maka sai ta gano," in ji Yaya. "Yarinyar da ke ƙirga ƙwayar shinkafa."

A hankali ya zaro walat daga aljihu. Ya fito da ita, ta tsufa, ta yi laushi saboda ninki. Farar fuskar tana kallona.



"Ita kake so, ko? Faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka. Ita ka so tun farko, ni kuma ka yi haƙuri da ni."

"Shugaba, juya ta."

Na juya.

WANNAN BA NI BA CE. Rubutuna, har inda biron ya huda takardar don haushi.

"Ta nan gefen nake ninke ta, duba ki gani," ya ce. "Ranar nan kin kwashe masu kyan duka, ko ta gwaji ba ki bar mini ba. Na tsaya a shago ni kaɗai, na ce yau na ga macen da ta san ko ita wace ce. Shekara bakwai ina haska fuskokin mutane, ba wanda ya taɓa ce mini kul sai ke. Sauran na kasa ƙonawa don wauta. Wannan kuwa rubutun nake karantawa, duk ranar da na ji zan yi abin da kowa ke yi." Ya dafa aljihunsa. "Ranar taron nan ma tana aljihuna. Ita ta hana ni barci har na je wajen Yaya."

Na duba ninkin. Gaskiya ne. Fuskar ce a ciki, rubutun a waje, har ya dushe saboda taɓawa.

Kukan da na riƙe wata uku ya ƙwace.

"Mugu... mugu kawai! Ka san sau nawa na jawo maka kujerar nan?"

"Ki yafe mini, rabin raina. Ba ni da shago mai ciniki yanzu, ba ni da Anti. Inji ne kawai mai tari, da ni."

"Wa ya tambaye ka dukiya?"

"To, ni dai ƙafata ciwo take," in ji Yaya. "In za a ƙona a ƙona, in za a yi aure a yi, in koma gida."

Muka fita bayan shago inda nake narka kakin zuma. Na kunna murhu. Shi ya riƙa zubawa, ɗauri bayan ɗauri, fararen fuskokin suna lanƙwashewa suna zama toka. Da ya zo kan ta walat ɗin sai hannunsa ya tsaya.

"Har da ita?"

"Har da ita. Ka riga ka haddace."

Ya sake ta a wuta.

Na koma ciki na ɗauko sabuwar sitika, baƙa, mai ɗan tabon da ke goshina da komai. Na zari biro na yi rubutu a bayanta, na miƙa masa.

Ya karanta, ya rufe ido, ya ɗora ta a ƙirji.

"Me ta rubuta?" in ji Yaya. "Ni fa na sha rana a kan maganar nan, ina da haƙƙi."

Ya juya mata ta gani.

WANNAN CE NI. IN KA SHIRYA, KA ZO KA GA KAWU.

An ɗaura auren bayan sati biyar. Kawu ya ce shi dama ya san haƙuri zai yi rana, muka bar shi da wannan. Anti ba ta zo ba. Mun ajiye mata kujera a gaba, kuma duk Juma'a yana zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofarta, ya gaishe ta ta bayan ƙyaure ya dawo.

Ciniki bai koma kamar da ba tukuna, amma yana tahowa. Yaya ce ke tsayawa a kantar shagon yanzu, fuska a buɗe, kuma duk yarinyar da ta shigo tana tambayar mai saurin aiki, ba ta fita sai ta sha shayi da labari.

A jikin bangon shagon, kusa da kwalaben shaida, ya kafa ƙusoshi sha ɗaya. Duk sitikar da ya samo sai ya cire ƙusa guda.

Jiya da ƙarfe huɗu ya shigo da shayi a leda, yana murmushi, hannunsa ɗaya a bayansa.

Saura shida.